Gahawar Asmara a Rusaifa

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Tun bayan sallar Asuba na buɗe shagon gahawata a nan Rusaifa, har azahar ban ga cikowa ba. A da, kafin rana ta ɗaga mutane sun jeru gaban kantata kafaɗa da kafaɗa, direban bas, malamin makaranta, ɗan dako, kowa ya kurɓe nasa a tsaye, ya ce "Allah ya ba da kasuwa, Ammi Dauda," ya wuce. Ammi, wato baffa, haka suke kirana da Larabci. Yau sau uku na goge makina, injin haɗa gahawar, don kawai hannuna ya sami abin yi.

Tsallaken titi kuwa layi ne har bakin kantin magani. Sabon wurin nan mai bangon gilashi. Gahawa muhtassa, in ji su, wato ta musamman. Tamu ta gama-gari ce ke nan. Shekara talatin da huɗu ina jan hannun makinar nan, sai yanzu na ji sunan gahawar tamu.

Litinin, 9 ga Satumba

Wani matashi ya shigo da la'asar, waya a hannu, ya tambaye ni da Larabci wai bun ɗina, ƙwayar gahawar, daga wace gona yake, kuma a kan dutse mai tsayin nawa ya fito. Na ce daga buhu yake. Bai yi dariya ba. Ya ce to a ba shi kabucino da ƙanƙara, da madarar da ba ta saniya ba. Na ce babu. Ya waiga yana neman kujera, na ce ita ma babu. Ya fita yana danna waya.

Da Baba na raye da ya bi shi da ido har ya ɓace. Baba ya bar Kasala yana saurayi ya tafi Asmara neman aiki, ya faɗa hannun wani Ba'italiya mai shagon gahawa, Sinyor Baldo. Shekara goma sha ɗaya yana wanke masa finjali kafin ya bari ya taɓa wutar suya. Da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar wa Baba wannan makinar mai hannu, a ja ƙasa a saki ta hau a hankali. A jirgin ruwa muka tsallako da ita Jidda, ina ɗan shekara tara, Inna tana faɗa wai an bar tabarmi da tukwane an ɗauko ƙarfe.

Dokokin Baldo su ne dokokin Baba, su ne nawa. Mai madara ta safe ce, da ɗan burodi mai zaƙi. Bayan cin abinci baƙa, ƙarama, kurɓi biyu. Finjali ya zama da ɗumi. Ba a zama. Kuma kafin mutum ya buɗe baki ka riga ka san abin da yake sha.

Yanzu mutum ya sayi kofi guda ya zauna awa uku yana ɗaukarsa hoto.

Alhamis, 12 ga Satumba

Bari in rubuta, tunda ba wanda zai karanta. Tun murar da na yi bayan Hajji ban ƙara jin ƙamshin komai ba. Wata uku ke nan. Ban faɗa wa kowa ba, ko matata Rumasa'u.

Juma'a, 20 ga Satumba

Rumasa'u ta yi taliyar Juma'a irin ta Baba, tumatir, tafarnuwa, man zaitun, da ɗan jan barkonon Habasha. Baba ya kan ce Baldo ya ce abu huɗu ya isa, na biyar ɓarna ne. Shekara da shekaru tana yin ta haka don ni, ko da yake na san ita da so samu ne da ta zuba mata daddawa. Na ci. Gishiri na ji, da zafin barkono. Sauran kamar ina tauna tsumma.

Bayan an ɗauke faranti Hanan ta fito da kayanta. 'Yata tilo, shekara ashirin da huɗu, tana aiki a ɗaya daga cikin waɗannan sababbin wuraren gahawa a unguwar Aziziyya, har Jidda ta je ta yi wata uku ta karɓo shahada, takardar shaidar iya gahawa. Mazurari, takardar tata, buta mai dogon wuya kamar na zalɓe. Tana zuba ruwa tana zagayawa a hankali tana duba agogo. Bun ɗin nata ja-ja, ko rabin suya bai kai ba.

"Abuya, ɗanɗana mana. Bas, kurɓi ɗaya kawai." Sannan ta koma Larabci, wai zan ji kamar lemo da fure.

Na kurɓa. Ruwan ɗumi mai ɗan tsami. Na ce, "Wannan ai jiƙon tsamiya ne, a kai wa mai zazzaɓi." Rumasa'u ta yi dariya, Hanan ma ta yi, amma ta tattara kayanta da wuri.

Ban san ko akwai furen a ciki ba. Ta yiwu akwai.

Talata, 24 ga Satumba

Suyar bun yau. Ina jin fashewar farko sarai, kamar gugguru. Ta biyu ma ina ji, siririya, kamar ƙirare a wuta. Amma daga nan hanci ne ke cewa sauke. Ɗan taƙi ne tsakanin gahawa da gawayi. Na duba launi, na ƙara masa kaɗan don kada ya fito ɗanye. Na sauke da bismillah.

Talata, 1 ga Oktoba

Turki ya zo. Sunansa ne a takardun shagon, tunda shi ɗan ƙasa ne mu kuwa baƙi, kamar yadda sunan mahaifinsa marigayi Abdulilah ya kasance a na Baba tun muna unguwar Jarwal. A gabana aka yi masa aski na fari. Yanzu ya zama mutum, mota fara, agogo mai magana.

Ya sumbaci kaina, na ja masa guda. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Ya yi ta kewaye-kewaye, lafiyar matata, Halati Rumasa'u kamar yadda yake kiranta, zafin bana, cunkoson titi, sannan ya fito da waya ya nuna mini hotuna. Bango fari, kujerun katako, fitilu masu rataya, akwatin gilashi cike da kek kala-kala. Ya ce, "Ya Ammi, zamani ya canza. Mutane yanzu suna so su zauna, suna so su san abin da suke sha." Ya ce zai karɓi shagon tela na gefe a fasa bango a haɗe.

Na ce, "Ni kuma a rataye ni tare da fitilun?"

Ya ce astagfirullah, ni ne albarkar wurin, in zauna in huta ana gaishe ni.

Da ya tafi na duba finjalinsa. Ko rabi bai sha ba. Yaron da a da yake lashe kumfar ƙasan finjalin ubansa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ashe Hanan Turki ya nema ta riƙe sabon wurin. Tun watan jiya suka yi magana. Rumasa'u ce ta suɓutar da baki muna karyawa, ta zaci na sani.

Na jira Hanan ta dawo daga aiki da magariba. Ban bari ta cire abaya ba. Abin da na faɗa ba zan rubuta shi duka ba. Na ce ta haɗa baki da bare an sayar da kakanta. Ta ce da Larabci, wai ba ta amsa masa ba tukuna, tana neman yadda za ta faɗa mini ne, kuma in ba ita ba wani za a kawo wanda bai san ko wane ne Jaddi, kakan nata, ba. Na ce, "Ke da ko Hausa ba ki iya miƙewa da ita ba, ke ce za ki koya mini gahawa?"

Ta tsaya tana kallona. Sai ta ce, da Hausa, a hankali, tana lalubo kalmomin, "Kai ne ba ka koya mini ba, Abuya. Duka biyun."

Ta shige ɗaki. Rumasa'u ta ce, "Baban Hanan, ka ji kunya."

Alhamis, 10 ga Oktoba

Hanan tana gaishe ni, ina amsawa. Iyakar ta ke nan.

Asabar, 12 ga Oktoba

Gaskiya Hanan ta faɗa. Tana ƙarama ta kan biyo ni shago ranar Asabar ta hau buhu tana leƙen gangar suya, in ce sauka, ba wurin mata ba ne. Ban taɓa tunanin komai a kai ba. Haka na taras.

Laraba, 23 ga Oktoba

Bari in rubuta abin da ya faru yau.

Na dawo daga masallaci, gari ya fara haske, na buɗe shago na shige ɗakin baya zan kunna wutar suya. Na ɗauko ashana. Na zaro tsinke. Sai na ji an banko ƙofa, Mailafiya ne, Basakkwacen nan ɗan dako a kasuwar kayan lambu, wanda ya zo Hajji shekara ashirin da wani abu da suka wuce bai koma ba. Kullum shi ne na farko a kantata. Ya doke hannuna har akwatin ashanar ya watse.

"Aje ta! Aje ta nic ce! Ba ka jin gas? Tun bakin titi nij jiyo shi!"

Ya ja ni waje da wuyan riga, ya koma ya toshe hancinsa da hula ya rufe tulun gas ɗin, ya wangale ƙofofi. Robar gas ɗin ce ta tsage, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Sama da shagon gidaje ne hawa uku. Akwai matar da ta haihu makon jiya a hawa na farko, ina jin kukan jaririn kullum.

Muka zauna a dakalin tela. Na kasa haɗa ido da shi. Can ya ce, "Malam Dauda, hancin ga naka ya mutu ko?"

Na ce wa ya faɗa masa.

"Gahawar ta hwaɗa muna. Tun Muharram ƙonanna ta. Kamar an jiƙa toka."

Na ce to me ya hana shi magana, wata huɗu?

"Mi za ni ce maka? Wasu sun gudu, mu munka tsaya. Ni ba gahawa kaɗai ka kawo ni nan ba. Garin ga duka, nan ɗai aka kiran sunana da sahe."

Ashe ba gilashin tsallaken titi ne ya kwashe mini mutane ba. Ni ne. Wata huɗu ina shayar da bayin Allah gawayi ina zagin zamani.

Ban buɗe ba yau.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na faɗa wa Rumasa'u. Ta ce ta sani tun ranar da madara ta lalace a firij na zuba a shayi na shanye. Ta ce jira take in faɗa da bakina. Da na kai maganar gas sai ta zauna a ƙasa, nan tsakar kicin, ta rufe fuska da gyale. Ta daɗe a haka.

Na ce kada ta faɗa wa Hanan. Ta ce, "Wannan kuma ba zan yi maka alkawari ba."

Litinin, 28 ga Oktoba

Asibiti. Likitan ya leƙa, ya sa na rufe ido, ya kawo abubuwa bakin hancina. Ban san ko ɗaya ba. Ya ce wasu ya kan dawo musu a shekara, wasu rabi, wasu shi ke nan. Ya ce in riƙa shaƙar kanumfari da ɓawon lemo safe da yamma, wai hanci na koyon abu kamar yaro. Ya tambayi sana'ata. Da na faɗa sai ya sauke alƙalami ya ce la haula.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ni na kira Turki da kaina bayan an sauko daga Juma'a. Ban so ya ji a bakin wani. Na faɗa masa duka, har ashanar. Sai ya ce, "Ya Ammi, me ya sa ka ɗauki wannan kai kaɗai?" Na ce ya kawo ma'aikatansa, na sallama.

Ba don hotunansa na sallama ba. Don jaririn hawa na farko.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ranar ƙarshe. Ban yi suya ba, bun na saya soyayye a kasuwa, karo na farko a rayuwata. Tsofaffin mutanena suka zo, ban san wa ya sanar da su ba. Suka jeru kamar da. Ba wanda ya yi dogon zance. Malam Muttaka mai koyar da Alƙur'ani ya ce tun yana ɗalibi yake shan ta Baba a Jarwal, ya yi addu'a, aka shafa. Mailafiya ya sha biyu, abin da bai taɓa yi ba.

Da azahar na kashe makina, na jira ta huce, na wanke ta ciki da waje. Akwai wurin da tafin hannun Baba ya cinye ƙarfen hannun, nawa kuma ya ƙarasa. Na rufa mata zane. Na miƙa wa Turki makulli ban tambaye shi inda za a kai ta ba. Tsoron amsar nake.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kanumfari, ɓawon lemo. Kanumfari, ɓawon lemo. Babu.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ban san rana na da tsawo haka ba. Na je Harami na yi ɗawafi, na fito na bi ta Jarwal da ƙafa. Inda shagon Baba yake otal ne yanzu, na tsaya ina lissafin wajen da ƙofarmu take, na ga ta faɗo daidai inda motoci ke shiga ƙasa. A harabar otal ɗin ma akwai nasu wurin gahawar. Yara sanye da baƙar riga, alhazai 'yan Umra na zaune da manyan kofunan takarda masu murfi.

A hanyar dawowa na haɗu da Mailafiya yana tura amalanken albasa. Na ce ina yake sha yanzu. Ya ce ba ya sha. "Waɗanga wuraren, da kayan ga nawa? In shiga in zamna bisa kujerassu? Kallon da za a yi min ya ishe ni." Ya ce wurina mutum na tsaye, mai kuɗi na tsaye, ba a gane wa ya fi wa.

Na kawo wa Rumasa'u labarin da yamma. Hanan na kicin, na ji ta kashe famfo. Ba ta fito ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na rame, in ji Rumasa'u. Abinci ya zama aiki. Ta koma yi mini abu mai ƙaras-ƙaras da mai yaji don in ji wani abu a baki. Jiya ta zuba wa taliya daddawa a gabana, ta ce tunda ba na ji bari ita ta more. Na yi dariya, karo na farko a wata guda.

Ban bi ta titin shagon ba ko sau ɗaya. Ta bayan masallaci nake zagayawa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Hanan ta shigo ɗakina da hantsi. Yatsunta biyu naɗe da filasta. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da rabonta da yi tun tana firamare. Ta fara da Larabci, ta tsaya, ta koma Hausa.

Ta ce uwarta ta faɗa mata tun ranar. Ta ce ta amsa wa Turki, amma da sharaɗi: makinar Jaddi ba ta fita, kantar tsayuwa ba a taɓa ta, a bar ta bakin ƙofa, kujeru su koma ciki ɓangaren tela. Sun yi mako guda suna ja, ya ce tana ɓata masa tsari, ta ce to ya nemi wata. Ya haƙura.

Ina kallon filastar.

Ta ce matsalar ita ce makinar ta ƙi ta. Ta gwada bun ɗinta kala shida, duk ya fito tsami kamar lemon tsami, ba kumfa. Ta gwada suya da kanta a gangata, sau huɗu, biyu ɗanye, biyu gawayi. Fashewar farko tana ji, ta biyu kuwa ba ta bambance ta da ƙarar gangar. Kuma haɗin Jaddi ba a rubuce yake ko'ina ba.

"Abuya, ni ina da hanci. Kai kana da... " ta rasa kalmar, ta kama kunnenta.

Na ce, "Kunne."

"Na san kunne! Ba shi nake nufi ba. Abin da ke cikin kunnen."

Na ce ni na gama da gahawa, ta je ta tambayi masu shahada. Ta tashi ba ta yi musu ba. Har ta kai ƙofa sai na ji bakina yana cewa kashi uku na Barazil, ɗaya na Habasha, da ɗan mai ƙarfin nan na Indiya cikin tafi guda don kumfa, kuma kada ta soya su tare. Ta tsaya ta juya baya tana maimaitawa a hankali. Ta fita.

Ban san me ya sa na faɗa ba. Ko Rumasa'u ba ta san haɗin nan ba.

Talata, 3 ga Disamba

Hanan ta dawo da wata sabuwar ƙuna a bayan hannu. Rumasa'u tana shafa mata magani tana hararata.

Litinin, 9 ga Disamba

Na je shagon. Don in duba robar gas ɗin da suka sa ne kawai, ban yarda da aikin yaran yanzu ba. Sun sa mai kyau, har da wata na'ura a bango mai ihu in gas ya zuba. Hanan ta ce ita ta sa a kawo. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Wurin ya zama wani iri. Fari fat, fitilun nan na rataye, ƙamshin fenti in ji su. Akwatin kek ɗin ma ya iso, ba komai ciki tukuna. Amma kantata na nan bakin ƙofa da duk tabonta, makina a kai, an goge ta tana ƙyalli. Kamar tsohuwa a gidan biki. Na ɗora hannu a kanta na ɗauke.

Hanan ta ce gobe za ta sake gwada suya bayan Asuba. Na ce Allah ya taimaka.

Talata, 10 ga Disamba

Ban je ba. Na yi alwala, na sa takalmi, na zauna a bakin gado har rana ta fito.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun yi suya.

Hanan ce ta kunna wuta, ni ban taɓa ashana ba. Na tsaya gefen gangar na rufe ido. Na Barazil muka fara. Fashewar farko ta zo ta wuce. Tana ta leƙe tana duba agogonta, na ce ta bar agogo ta yi shiru. Can ƙasan ƙarar ƙarfe sai ga ta biyu, siririya. Na ɗaga yatsa. Ta matso da kunnenta kusa da nawa, ta ce ba ta ji. Na ce jira. Sai ta zaro ido. Ta ji.

Daga nan nata ne. Ta sunkuya tana shaƙar hayaƙin. Ni a lissafina da saura, Baba ya kan bari sai ƙwayar ta fara gumi. Sai ta ce, "Yanzu, Abuya." Hannuna ya ja ƙofar gangar kafin in buɗe baki in yi gardama. Bun ya zubo, launinsa bai kai na Baba duhu ba. Ya fi nata na Aziziyya nesa ba kusa ba, amma bai kai na Baba ba.

Ta so a bar shi ya kwana uku kafin a taɓa, wai haka aka koya musu. Na ce Mailafiya na waje tun ɗazu yana yi kamar gyaran tayar amalanke yake. Ta leƙa ta kira shi da sunansa, da Hausa. Ya shigo yana goge hannu a riga, ya ƙi kallon ɓangaren kujeru, ya tsaya inda ya saba. Na nuna mata yadda ake jan hannun, a riƙe a ƙasa a ƙirga numfashi biyu kafin a saki. Na farko ya zube. Na biyu ya fito da kumfa ja kamar yadda ya kamata.

Ya kurɓa, ya juya ta a baki. Ya ce, "Ba irin ta da ba ta." Ya ƙarasa ta, ya leƙa ƙasan finjalin. "Amma ba toka."

Ta ja mini nawa. Ɗaci na ji, da zafi, da ɗan tsami can baya. Na ce mata me take ji a ciki. Ta kalle ni ko gatse nake. Na ce ina tambaya ne. Ta shaƙa, ta kurɓa, ta ce da Larabci kamar dabino da aka gasa, da wani abu kamar gyaɗa, sai ta nemi faɗa da Hausa ta ce "gyaɗa mai wuta." Na ce soyayyiya ake cewa. Ta maimaita. Na sake kurɓa ina neman gyaɗar. Ban same ta ba, amma na yarda tana nan.

Ban ce na koma aiki ba. Wurinta ne da Turki, su sha da ƙanƙararsu da madarar da ba ta saniya ba, ba ruwana. Sai dai na Habasha da na Indiya suna nan ba a soya ba, kuma sau ɗaya tak ta ji fashewa ta biyu, ba za a ce ta iya ba.

Na ce Rumasa'u ta goge mini farar rigar nan tawa ta aiki.